Kaurin Baƙi da Laifin da Na Bar wa Sale

Akwai maganar da na daɗe ina zagaye ta a cikin wannan rubutu, kamar yadda mai keke yake zagaye rami a hanya. Na ba ku labarin tasowata a Dangora, na ba ku na aikin malamin gona da ya kai ni Kiru da Bebeji da Tudun Wada har Doguwa, to yanzu na iso shekarar da ba na son isowa. Dukkanku kun san akwai lokacin da ni da Baffanku Sale, ƙanena ciki ɗaya, muka yi kusan shekara biyu gaisuwarmu ba ta wuce ta wurin jana'iza da ta filin Idi ba. Abin da kuka sani game da dalilin haka rabi ne, rabin ma a karkace yake, kuma ni na bar shi a karkace. Ku yi haƙuri da ni, don labarin ya ratsa ta cikin wani abu da har yau ban gama gane kansa ba.

Shekara ta biyu ce bayan na ajiye aiki. Damina ta yi albarka, wake ya yi kyau tun daga nan har gindin duwatsun Doguwa, kuma da yake ya faɗi a kasuwa, kowa ya ƙudura zai ajiye nasa sai bazara. Ajiyar wake kuwa kun san yaƙi ce da ƙwari, in ka yi sake wata biyu ka kwance buhu sai ka tarar da gari da ɓawo. Don haka zauren gidanmu ya koma kamar ofishin da na baro, wannan ya fita wancan ya shigo, kowa tambayarsa ɗaya, yaya ake amfani da ƙwayar nan ta kashe ƙwari. Ƙwaya ce toka-toka da ake sayarwa a kasuwa, da ta sha iska sai ta riƙa fitar da wani tururi da ido ba ya gani, ya kashe duk ƙwaron da ke cikin buhu. Tururin nan bai san ƙwaro ba, bai san mutum ba. Na shafe shekarun aikina ina faɗa wa manoma haka a gindin bishiya da bakin masallaci. To ana cikin haka wata rana wani manomi ɗan garin Ƙofa, dattijo mai jika, ya zo gaishe ni, muna hira ya ce shi ai yanzu ya huta da tambaya, waya yake tambaya. Ya zaro wayarsa, ya rubuta "yadda ake ajiye wake" a wurin bincike, sai ga jerin amsoshi sun fito, ya taɓa ta sama ya miƙo mini. Wani ne da bai sa sunansa ba ya rubuta, da Hausa mai daɗi kuwa, ya ce a watsa ƙwayar a cikin wake kai tsaye, a ɗaure buhu, a tura shi ƙarƙashin gado saboda ɓera. Na karanta sau biyu.

"Wa ya sa wannan a sama?" na tambaye shi.

"Injin ne, Malam."

"Wane inji? Wa ke tuƙa shi?"

"To, wannan kuma sai 'yan boko. Mu dai abin da ya fara fitowa shi muke taɓawa."

Wannan magana ta hana ni sukuni. Lokacin 'yata Bilkisu tana gida hutu daga makarantar da take koyar da kwamfuta a Kano, sai na zauna kwana uku na rubuta duk abin da na sani a kan ajiyar wake da masara, da hannuna, a littafin 'yan makaranta. Yadda ake shanya har ya yi ƙaras a haƙori, yadda buhu mai leda a ciki yake kashe ƙwari ba tare da magani ba in an ɗaure shi iska ba ta shiga, da kuma yadda wanda ya nace sai ya sa ƙwaya zai naɗe ta a ƙyalle kada ta taɓa abinci. Bilkisu ta buɗe mini shafi a intanet ta buga shi da sunana. Abu ɗaya ta yi da ban ce ta yi ba. Ta ɗauko gargaɗin da na sa a tsakiya ta kai shi can sama, ta kaurara baƙaƙensa suka yi baƙi wuluk, duk sauran rubutun kuma siriri. Layin yana cewa kada a ajiye buhun da aka sa wa ƙwaya a ɗakin da mutum ko dabba ke kwana, ko a ɗakin da ya haɗa rufi da shi. Da ka buɗe shafin, shi ne zai fara tsone maka ido. Da hutunta ya ƙare ta ce ba za ta riƙa samun lokaci ba, sai ta ba Baffanku Sale lambar sirrin shafin, tunda shi yana da shagon buga takardu a kusa da kasuwar Tudun Wada, ya fara tun zamanin tafireta har ya koma kwamfuta, ga shi kuma kusa da ni.

Na zaci aiki ya ƙare, ashe yanzu aka fara. Duk safiya bayan na karya sai in rubuta kalmomin nan a wayata in duba, mai cewa a tura buhu ƙarƙashin gado yana nan daram a sama, nawa kuwa sai na ja jerin ƙasa na wuce zango na farko, na wuce na biyu, sannan in tsince shi a na uku, tsakanin mai tallan buhu da mai koyar da dafa alale. Wa zai je can? Ran kasuwa na hau mota na tafi wurin Sale na kai masa kukana. Ya ture aikin masu jira, ya jawo mini kujera.

"Yaya, injin nan kamar makaho ne a kasuwa, lalube yake yi. Abin da ya fi kauri shi hannunsa yake fara taɓawa. In muka kaurara kalmomin da mutane ke nema, wake, buhu, ƙwari, ajiya, zai ji su ya ɗaga mu."

"Ka tabbata?"

"Haka na ji masu harkar suna faɗa. Mu gwada mana, ai ba cizo yake ba."

Ban yarda nan take ba. A nan cikin shagon na kira Bilkisu na faɗa mata abin da Baffanta ya ce, na sa wayar a bainar jama'a don shi ma ya ji.

"Baba, kaurin baƙi don idon mutum aka yi shi," in ji ta. "Injin yana iya lura da shi kaɗan, ya gane abin da shafi yake magana a kai, amma ba shi ke ɗaga shafi ba. Abin da ke ɗagawa shi ne mutane su riƙa shiga suna samun abin da suke nema, wasu shafukan su riƙa nuni da naka, sannan a ba shi lokaci. Naka ko wata ɗaya bai yi ba."

"To yana lura ko ba ya lura? Kin ce yana lura, kin kuma ce ba ya ɗagawa."

"Yana lura, amma ba yadda Baffa yake nufi ba."

"Za ki iya rantsuwa ba ya ɗagawa ko kaɗan?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, ba wanda zai rantse. Masu injin ba sa faɗin duk abin da suke aunawa."

Ni mutum ne da ya saba da abin da ake gwadawa a gani. In na ce wa manomi taki kaza ya fi, sai mu raba gona biyu mu jira kaka. Wannan kuwa ga ƙanena ya ce e, ga 'yata ta ce a'a amma ba za ta rantse ba, ga injin da ba shi da ofis balle in je in tambaye shi. Sai na kama ɗan shirun nan da ta yi na riƙe shi a matsayin izini. Na ce wa Sale ya kaurara kalmomin nan huɗu duk inda suka fito. Kwana goma bayan haka na duba da safe, sai ga shafina a zango na farko, na huɗu daga sama. Na fito tsakar gida ba takalmi ina kiran Ummanku. Ita kuma ta ajiye tsintsiya ta ɗauko tata wayar, ta rubuta kalmomin nan da yatsa ɗaya kamar yadda ta saba, ta ƙirga.

"Malam, a taka kai ne na huɗu, a tawa kai ne na bakwai. To wanne ne kai?"

Na kira Bilkisu, ta ce a tata wayar a Kano ni ne na biyar, kuma wai haka abin yake, kowa da jerin da ake nuna masa. Ta ƙara da cewa in tuna a makon nan ne wani tsohon abokin aikina ya karanta rubutun a taron manoma a Kiru, aka yi ta tura shi waya zuwa waya, wai wannan ne ya ɗaga shi, ba kauri ba. Na kira Sale, ya ce gani ya kori ji, mun kaurara ya tashi, me ya rage? Duk wanda na saurara sai in ji shi ne mai gaskiya, har sai na saurari ɗayan. Abu biyu sun faru a mako ɗaya, ba ni da hanyar raba gonar biyu.

Yanzu ga wurin da ba ku sani ba, ku karanta shi a hankali. Ran kasuwar da ta biyo baya na koma shagon Sale. Ana ta cin kasuwa a waje, shagon ba kowa sai ni da shi. Na ce masa ya ƙara. Duk wata kalma da mutum zai iya nema ya kaurara ta, masara, rumbu, magani, ƙwaya, bazara, kaka, ya mai da kanun kowane sashe manyan baƙaƙe, ya ja layi a ƙarƙashinsu. Sale ya cire tabarau ya dube ni.

"Yaya, ina ganin ya isa haka. Gishiri ma in ya yi yawa ɓata miya yake yi."

"Kai ka ce kauri ke ɗagawa. Mutumin nan yana sama yana koya wa mutane kashe kansu, mu muna na huɗu. Ƙara."

Ya ƙara. Ina tsaye a bayansa ina nuna masa da yatsa. Sai na tuna ya taɓa ce mini injin ya fi kula da layukan farko, ga shi layinmu na farko gargaɗi ne, babu kalmar wake a cikinsa ko ɗaya. Na ce ya ɗauko sashen da ke cewa yadda ake ajiye wake ya kai shi sama.

"Gargaɗin fa?" ya ce.

"Mai da shi ƙasa. Ai yana nan, ba gogewa muka yi ba. Wanda ya karanta zai iske shi."

"Bilkisu fa da dalili ta sa shi a nan."

"Ni na rubuta ko ita?"

Ya yi yadda na ce. Da ya gama, shafin ya zama kamar gonar da aka zuba wa iri ba lissafi, baƙi kan baƙi, ba ka sanin inda za ka ajiye ido. A lokacin kyau ya yi mini. Makonni kaɗan bayan nan na zama na biyu a wayata, wata rana ma na ga na ɗaya, na yi ta nuna wa duk wanda ya shigo zaure kamar wanda aka yi wa naɗi.

Wata rana da hantsi wayar Hudu ta shigo. Hudu manomi ne a wani ƙauye gaba da Doguwa, na san shi fiye da shekara ashirin, ni na fara kai masa irin masara mai saurin nuna, kuma mutum ne da in na ce masa ga gabas ba ya waiwayen yamma. Ya ce suna asibiti da tsohuwarsa. Da safe aka same ta tana amai, numfashi yana sarƙe mata, ma'aikatan asibitin suka tambaye shi ko akwai maganin ƙwari a gidan. Akwai. Ya jibge buhunan wakensa a sito, kowanne da ƙwaya a ciki, siton kuma ya haɗa kwano da ɗakin tsohuwar, ba sili, bangon da ke tsakaninsu bai kai rufi ba. Ban tsaya sauya riga ba na kama hanya. Na same shi a kan benci a gindin wata darbejiya, ya tashi ya gaishe ni da ladabin da ya saba, har yana ba ni haƙurin wahalar hanya. Ya ce jikin da sauƙi, ta fara shan kunu.

"Naka na bi, Malam," ya ce, "don na ga sunanka a kai. Na naɗe ƙwayar a ƙyalle yadda ka ce, ko wake ɗaya ba ta taɓa ba."

"Ba ka ga inda na ce kada a ajiye a ɗakin da ya haɗa rufi da na kwana ba?"

"Akwai wannan?" Ya miƙo mini wayarsa. "Nuna mini."

Na karɓa na fara ja. Ni na rubuta layin nan da hannuna, ni na ce a mai da shi inda yake, amma sai da na wuce shi sau biyu ban gan shi ba. Yana nan da kaurinsa, tsakanin kauri da kauri. A karo na uku na same shi, na ɗora yatsa a kai. Hudu ya karanta a hankali yana motsa leɓe, ya gyaɗa kai.

"Ban gan shi ba. Amma kada ka sa wa ranka damuwa, Malam. Wataƙila da na gani da na tsaya, wataƙila kuma da na ce ai akwai bango. Allah ne masani."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A mota ina dawowa na yi ta juya maganarsa. Kaurin ne ya ɓoye layin, ko saukar da shi ƙasa? Ko Hudu dama ba ya karanta abu har ƙarshe? In ban kaurara ba, da shafina yana can zango na uku, da na mai tura buhu ƙarƙashin gado zai bi, da abin ya fi haka muni. To amma wa ya ce kaurin ne ya kawo ni sama har ya gan ni? Duk ƙofar da na buɗe sai in tarar da wata a bayanta.

Ranar Asabar Bilkisu ta zo daga Kano, yayanku Auwalu ma ya zo, aka kira Sale. Muka zauna a tsakar gida bayan la'asar, Ummanku tana gefe tana tsince shinkafa. Bilkisu ba ta buɗe shafin ba tun da ta tafi, sai ranar. Na ga fuskarta ta canza. Ta ja ƙasa, ta ja sama, ta ɗago ta dubi Baffanta, ta buɗe baki da muryar da ban taɓa jin ta yi wa babba magana da ita ba.

"Baffa, wa ya ce ka taɓa layin nan? Layi ɗaya tak na kaurara don a gan shi. Ka binne shi, saboda wani camfi da ka ji a bakin kasuwa. Yanzu da a ce tsohuwar nan ta mutu fa?"

Sale bai dube ta ba, ni ya duba. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon mai jira ne, irin na ƙanen da ya saba yayansa ke fara magana. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jan carbi. Na ji bakina yana cewa, "To, abin da ya faru ya riga ya faru, sai a gyara." Iyakar abin da na ce ke nan. Sale ya ɗan jira, ko zan ƙara. Da ya ga ban ƙara ba, ya zaro biro a aljihu, ya rubuta lambar sirrin a bayan wata takarda ya ajiye a kan tabarma.

"Ni ne. Ku yi haƙuri."

Ya sa takalmansa ya fita, ana kiransa ya tsaya ga abinci bai waiwayo ba. Bayan kun watse Ummanku ta zo ɗaukar tabarma, ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, Sale ba ya yin abin da ba a sa shi ba. Tun ina amarya na san shi haka."

"Me kike nufi?"

"Abin da na faɗa."

Ba ta sake tayar da maganar ba har Allah Ya karɓi ranta, amma ta sani, kuma na san ta sani.

Washegari kafin ta koma, Bilkisu ta tambaye ni abin da za a yi. Ta ce in an bi ta tata a cire duk kaurin a bar layi ɗaya a sama kamar da, ba ta jin shafin zai sauka saboda haka, amma har yanzu ba za ta rantse ba. Na auna abin a raina. In Sale ke da gaskiya, cirewa na nufin na sauka na bar wa wancan mutumin fili. In na bari kuma, wani Hudun yana nan tafe. Na ce ta cire. Cikin mako biyu na gangara zuwa na shida, mai ƙarƙashin gado ya koma kujerarsa. Na kira ta raina a ɓace, ta ce kaka ce ta wuce, mutane sun rage tura shi, injin ma yakan sauya ma'auninsa ba sanarwa. Wata biyu bayan nan, ba wanda ya taɓa komai, na tashi na gan ni na biyu. Daga baya na sake sauka. Na tambayi wani masanin harkar da muka haɗu a wurin ɗaurin aure a Bebeji, ya ce kauri ba ya komai. Na tambayi wani a Kano, ya ce yana yi amma kaɗan ne, kamar a ƙara allura a kan kayan jaki. Har yau da nake wannan rubutu ban san ko kaurin ya taɓa ɗaga ni ko da taki ɗaya ba, ban kuma san mutum nawa suka bi wancan shafin a watannin da nake ƙasa ba. Tsohuwar Hudu ta warke ta koma gida, amma ba ta ga daminar gaba ba. Na je ta'aziyya, Hudu ya ce tsufa ne da ƙarar kwana. Na ce haka ne. Ban sani ba.

Abin da na sani shi ne abin da ya biyo baya a gidan nan. Sale ya daina zuwa cin tuwon Juma'a da ya saba tun muna samari. Ku kuma kuka ɗauke masa ƙafa. Ina ji da kunnena kuna cewa Baffa akwai iyayi, ya kusa kashe tsohuwar mutane ya ɓata wa Baba suna. Da Bilkisu ta haihu ya zo suna, ya tsaya a bakin zaure aka shafa fatiha, ya tafi bai shiga ganin jaririn ba, ba kuma wanda ya ce masa shigo. Sau da yawa maganar takan zo mini har maƙogwaro in haɗiye ta. Kuna iya tambaya me ya hana ni. Na yi wa kaina wannan tambaya, amsar ba ta da kyau. Tun da na ajiye aiki ba ni da ofis, ba ni da babur ɗin gwamnati, ba abin da ya rage mini sai sunan nan, malamin gonar da bai taɓa ba manomi shawarar da ta cuce shi ba. Na ji tsoron in rasa shi a gaban 'ya'yana, sai na bar ƙanena ya biya.

Sai da aka kusa shekara biyu na iya tashi na tafi Tudun Wada, ba ran kasuwa ba. Na same shi yana buga wa wata mata takardar neman aiki. Ya gaishe ni, ya jawo mini kujera, na zauna har ya sallame ta. Gashinsa ya yi fari fiye da yadda na sani. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi iyali, na tambayi gona, sannan na ce masa na zo ne in ce ni na sa shi ya ƙara, ni na ce a sauke gargaɗin, kuma ya hana ni ban hanu ba. Ya saurare ni har na gama, yana goge tabarau da gefen rigarsa.

"Yaya, ai ba ni za ka faɗa wa ba," ya ce. "Ni ina wurin. Kai ka san ka ce in ƙara, ni ma na sani. 'Ya'yanka ne ba su sani ba."

"Me ya sa ka ce kai ne?"

"To wa zai ce? In tozarta ka a gaban Auwalu da Bilkisu? Kuma ni na fara kawo maganar kaurin, da hannuna a ciki." Ya mai da tabarau ɗinsa. "Ni na yafe tuntuni. Abin da ya dame ni ɗaya ne, yaran nan a hannuna suka girma, yanzu gaisuwar baƙo suke yi mini."

Na yi masa alkawarin zan tara ku in faɗa muku kafin azumi. Muka koma cin tuwon Juma'a, kuka ɗauka ni ne na yi masa afuwa, har Auwalu yana yaba haƙurina, ni kuma na karɓi yabon ban ce komai ba. Azumi huɗu ke nan sun wuce. Sale bai taɓa tuna mini ba ko sau ɗaya. Na tara ku sau biyu da niyyar faɗa, na ƙare da maganar gyaran katanga. Tunda baki ya gaza, ga shi hannu ya yi.

Baffanku yana nan da ransa, gwiwa ce kawai ta hana shi zuwa shago kullum. Ba na so ku jira ranar da za ku je gidansa ku zauna a kan tabarmar ta'aziyya. Bilkisu, ke kika fi kowa tsananta masa, kuma ba laifinki ba ne, abin da na bari ki gani shi kika yi hukunci da shi. Amma ke za ki fara zuwa. Ba waya ba, ba aike ba, da ƙafarki, ki tafi masa da yaron da bai shiga ya gani ba.